Tambaya da Amsa: Riƙon Karen Tsere Kafin Ya Sami Gidan Zama

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Manchesta, shekarata tara a nan. Maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya, duk bayan 'yan makonni sai in gan ta da sabon kare, dogo, siriri, mai tsinin baki, haƙarƙari a waje kamar wanda ya kwana uku bai ci ba. Da na tambaye ta ko sayarwa take yi, sai ta yi dariya ta ce riƙo ake ba ta, har ta ce idan ina so za ta haɗa ni da ƙungiyar da ke kawo mata su. Wane irin riƙo ake yi wa kare, kuma me ya sa babban kare zai bukace shi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Karen da kike gani shi ne wanda Turawa ke kira girehawun, wato karen tsere, wanda idan ya miƙe da gudu yakan kai kimanin kilomita 70 a sa'a guda. Ramar da ta ba ki tausayi kuwa halittarsa ce, domin irinsa ba ya tara kitse, kuma ganin haƙarƙari biyu ko uku na ƙarshe alama ce ta cewa jikinsa yana daidai. Kina zaune ne a garin da wannan sana'a ta fara kafuwa a Ingila, domin a filin Belle Vue na Manchesta aka yi tseren farko a kewayayyen fili da zomon inji, ranar 24 ga Yuli, 1926, bayan an ɗauko dabarar daga Amurka, inda wani mai suna Owen Patrick Smith ya ƙirƙiro zomon ƙarya da ke gudu a kan dogo karnuka suna bin sa. An rufe wannan fili a 2020. Tsere ne na caca: a Birtaniya karnuka shida ake saki lokaci guda, su zagaya mita 480 ko kusa da haka cikin kimanin daƙiƙa 30, mutane kuma su zuba kuɗi a kan wanda suke zaton zai riga sauran.

Inda gizo ke saƙa shi ne lissafin shekaru. Ba a barin kare ya shiga tsere a Birtaniya sai ya cika wata 15, galibinsu kuma suna ajiye gudu tsakanin shekara uku zuwa biyar, wani saboda gudunsa ya ragu, wani saboda rauni, wani kuwa tun farko bai nuna sha'awar bin zomon ba. Alhali kare irin wannan yana iya kaiwa shekara 12, wani har 14. Ke nan ranar da mai shi ya daina samun riba a kansa, abin da ya rage masa na rayuwa ya fi wanda ya wuce, kuma tarihin abin da aka riƙa yi da irin waɗannan karnuka a baya ba shi da daɗin ji. Wannan ne ya sa aka kafa ƙungiyoyin nema musu gidaje, irin su Greyhound Trust da ta fara aiki a 1975. Daga watan Satumba na 2020 kuma hukumar da ke kula da tseren a Birtaniya ta fito da tsarin ajiye wa kowane kare kuɗin sallama, fam 400 a lokacin da aka fara, rabi daga mai karen a ranar yi masa rajista, rabi daga hukumar, wanda ake bai wa cibiyar da ta karɓe shi idan ya yi ritaya.

To me ya hana a ɗauke shi daga ɗakin karnuka a miƙa shi kai tsaye ga wanda zai zauna da shi? Ana yin haka, kuma sau da yawa ana dacewa. Amma ki duba yadda ya taso. An haife shi a gona, galibi a ƙasar Ayalan, ya girma cikin 'yan'uwansa har kusan shekara guda, daga nan ya koma ɗakin mai horarwa, inda a Birtaniya aka saba ajiye su bibbiyu, namiji da mace, a kan gado mai tudu da aka shimfiɗa wa yagaggun takardu. Lokacin cin abinci ɗaya ne kullum, lokacin fita ɗaya ne, kuma ba wanda ke taɓa shi yana barci, domin ƙarar buɗe ƙofa ta riga ta tashe shi kafin hannu ya iso. Ya san mota, ya san sikeli, ya san hannun likita, ya san tafiya da igiya cikin ladabi fiye da yawancin karnukan gida. Abin da bai taɓa gani ba shi ne matakalar bene, da ƙofar gilashi, da madubi, da talabijin, da injin shara, da yaro mai rarrafe, da wani kare wanda ba irinsa ba. Bai kuma taɓa kwana shi kaɗai ba ko da dare ɗaya.

Na taɓa zama a gidan wani mariƙi a Salford ranar da aka kawo masa wani baƙin kare mai nauyin kilo 32. Karen ya zo gindin matakala ya tsaya cik, ƙafafuwa huɗu a sandare, jiki yana rawa, ya ɗaga kai yana kallon sama kamar wanda aka ce ya hau rimi. Mutumin bai ja shi ba, bai kuma ɗauke shi ba. Ya tsaya a bayansa ya tokare shi da gwiwa, ya sunkuya ya ɗaga ƙafar gaba ta dama ya ɗora a kan mataki, ya ɗora ta hagu, sannan ya koma na baya, a kowane mataki kuma akwai ɗan gutsuren cuku da ya ajiye. Hawan ya ci kusan kwata na sa'a, mutumin ya jiƙe da gumi. A rana ta biyar, in ji shi, karen ya hau da kansa, sai dai ya ƙi saukowa, aka sake sabon karatu.

Irin wannan aiki shi ne riƙo. Mariƙi yana manna takarda a ƙofar gilashi daidai idon karen, don kada ya sheƙo da gudu ya fasa ta da fuska. Yana shimfiɗa darduma a kan tayil mai santsi. Yana fitar da shi bayan kowace sa'a biyu a kwanakin farko har ya gane cewa gidan gaba ɗaya makwancinsa ne, wanda ba a ɓatawa. Yana koya masa cewa naman da ke kan teburin girki, wanda tsayinsa ya zo daidai hancinsa, ba nasa ba ne, ko da yake a duk rayuwarsa bai taɓa ganin abinci a gabansa ba face nasa. Wani ma sunansa ake koya masa, domin dogon sunan da ke cikin takardar tsere ba shi ake kiransa da shi ba. Kalmar ba baƙuwa ba ce a wajenmu, mun san ɗan riƙo da uwar riƙo, sai dai namu yakan kai har aure, wannan kuwa galibi mako uku ne zuwa shida, wani lokaci ya zarce idan ba a sami gida ba.

Amma a ganina koyarwa rabin aikin ce kawai. Ɗaya rabin shi ne lura. Ƙungiya ba za ta san ko kare yana kuka idan aka bar shi, ko yana tsoron maza masu ɗaga murya, ko yana iya zama da yara, matuƙar yana cikin keji. Mariƙi ne yake gani, shi ne kuma yake rubutawa, kuma da abin da ya rubuta ake zaɓa wa karen gidan da ba za a dawo da shi ba. Idan za ki karɓi tayin maƙwabciyarki, ki fara da raka ta yawon safe na mako biyu tukuna.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Leeds, ina zaune a ɗan ƙaramin gida na haya a hawa na biyu, ba ni da fili. Na ji an ce ƙungiya ce ke biyan komai. Shin kare mai irin wannan gudu zai zaunu a ɗaki, kuma da gaske ne ba zan kashe ko sisi ba?

AMSA: Ɗan'uwa, gudun ba shi ne abin tsoro ba. Karen tsere ɗan gajeren zango ne, ƙarfinsa na rabin minti ne, bayan haka sai kwanciya, har yakan yi barcin sa'a 16 zuwa 18 a yini, sau da yawa a rigingine, ƙafafuwa a sama kamar mushen kyankyaso. Yawo sau biyu a rana, kowanne na minti 20, yana isar yawancinsu, kuma ba su cika haushi ba. Akwai ƙananan karnuka da yawa da suka fi shi wuyar sha'ani a ƙaramin ɗaki.

Abubuwa biyu ne za su iya hana ka. Na farko mai gidan haya, domin ƙungiya za ta nemi shaidar amincewarsa a rubuce, kuma za ta aiko wanda zai duba gidan. Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne sa'o'in da kake yi a waje. Karen da bai taɓa zama shi kaɗai ba, idan ka kulle shi da ƙarfe takwas na safe ka dawo da magariba, zai yi kuka har maƙwabta su kai ƙara, ya tauna ƙofa, ya yi fitsari, ba don mugunta ba sai don firgita. Ana koya masa kaɗaici ne da kaɗan-kaɗan: ka fita minti biyu ka dawo ba tare da ɗoki ba, gobe minti goma, jibi rabin sa'a. Yawancin ƙungiyoyi ba sa son a bar kare fiye da sa'a huɗu a jere. Idan jadawalin karatunka bai ba da wannan dama ba, ka jira dogon hutu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da kuɗi, abin da aka saba shi ne ƙungiya ta ɗauki nauyin likita, ta ba da abin wuya, da igiya, da takunkumi, da rigar sanyi, da yawa kuma har da abinci. Galibi karen yakan iso an riga an dandaƙe shi, an yi masa riga-kafi, an ba shi maganin tsutsa da ƙuma. Ka karanta yarjejeniyar da kyau, musamman wurin da ya faɗi asibitin da za ka kai shi da wanda za ka kira da tsakar dare, domin idan ka kai shi inda ba a amince ba, kai za ka biya. Takalminka da ya tauna kuwa ba wanda zai biya ka.

Akwai dalilin da ya sa suke nacewa a kan likitan da ya san irin. Jinin karen tsere ya sha bamban da na sauran karnuka: jajayen ƙwayoyin jininsa sun fi yawa, sinadarin da ƙululun maƙoshinsa (thyroid) ke fitarwa kuma yana ƙasa, ta yadda wanda bai saba ba zai iya cewa ciwo ne alhali lafiyarsa lau. Wasu tsofaffin magungunan sa barci lokacin tiyata suna daɗewa a jikinsa saboda ƙarancin kitse da yadda hantarsa ke aiki, wasunsu kuma sukan yi zubar jini kwana ɗaya ko biyu bayan aiki. Ciwon da za ka fi gani shi ne na haƙori da dasashi. Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta wallafa a 2019 ya same shi a jikin kashi 39 cikin ɗari na karnukan tseren da aka duba. Idan ka ga yana ɗingishi a kan kwalta amma yana tafiya daidai a kan ciyawa, ka duba tafin ƙafarsa, sau da yawa kanta ce, wato taurin fata, ta fito masa. Kada kuma ka bar shi ya yi gudu nan take bayan ya ƙoshi, domin karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu yana iya kumbura ya murɗe, wannan kuwa ba ya jiran gari ya waye.

TAMBAYA: Ina zaune a Melbon ta ƙasar Ostireliya da iyalina, 'ya'yana uku, ƙaramarsu shekararta huɗu, muna kuma da kyanwa. Yaran sun matsa mini mu karɓi riƙo. Amma nakan ga waɗannan karnuka da takunkumi a baki, abin da ya sa nake zaton cizo suke yi.

AMSA: Malam, takunkumin ba shaidar mugunta ba ce. A filin tsere ana sa musu shi ne saboda fatarsu siririya ce ƙwarai, ɗan karcen haƙori a cikin zumuɗin gudu yana iya yaga ta, kuma yana taimaka wa alƙalai wajen tantance wanda ya riga a hoton ƙarshe. Jihar Biktoriya da kake zaune ta daɗe tana tilasta sa shi a bainar jama'a, amma ta janye wannan doka ga karnukan gida daga 1 ga Janairu, 2019. Abin da bai canza ba shi ne igiya: ba a sakin karen tsere a wurin da ba shinge. Yana hango motsi daga nesa, kafin ka buɗe baki ka kira shi ya tsallaka titi, kuma bai san mota a matsayin abin da ke kisa ba. Saboda kansa ya fi wuyansa siranta, abin wuya na yau da kullum yana zamewa, don haka ake amfani da mai faɗi ko wanda ke ɗan tsukewa idan ya ja. Igiyar nan mai miƙewa da kanta kuwa, kada ka kusance ta.

Kyanwa ita ce babbar maganar. An shafe ɗaruruwan shekaru ana zaɓar wannan iri don ya bi ƙaramin abu mai gashi da ke gudu, sannan aka ƙara masa horo a kai. Duk da haka sun bambanta: akwai wanda zai kalli kyanwa ya kau da kai, akwai wanda za a iya koya masa, akwai kuma wanda idonsa zai kafe, kunnuwa su miƙe, jiki ya ɗauki tsuma, yawu ya fara zuba, ko ka kira shi ba zai ji ba. Na ukun nan hali ne zanen dutse, ba a zaunar da shi da kyanwa ko da shekara nawa aka yi ana ƙoƙari. Ƙungiya takan gwada su kafin ta ba da, amma gwajin minti goma a cibiya ba daidai yake da zaman gida ba, kuma karen da ya ƙyale kyanwa a falo yana iya bin ita wannan kyanwar idan ta ruga a tsakar gida. Saboda haka a makonnin farko takunkumi da igiya duk lokacin da suke ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe tsakaninsu duk lokacin da ba kowa, kyanwar kuma ta sami wuri mai tsawo da za ta haye.

Game da yara, abin da ya kamata ka sani shi ne magagin barci. Wasu daga cikinsu idan aka taɓa su suna barci sukan zabura da gurnani ko kai cafka kafin su gane inda suke, kuma abin ruɗarwa shi ne sukan yi barci ido a buɗe. Dokar gida ita ce a kira sunansa daga nesa har ya ɗaga kai kafin a taɓa shi, ba a hawa shimfiɗarsa, ba a rungumar wuyansa, ba a kusantar kwanonsa. Manyan biyun za su kiyaye. 'Yar shekara huɗu kuwa za ta kiyaye yau ta manta gobe, shi ya sa ƙungiyoyi da yawa ba sa ba da riƙo a gidan da ke da ƙananan yara sai karen da aka riga aka san halinsa. Da ni ne kai, da na ce musu a ba ni irin wannan ko in jira shekara biyu.

Bukatar mariƙa ba za ta ƙare kafin lokacin ba. A Amurka mutanen jihar Fulorida, wadda ke da filaye 11 daga cikin 17 da suka rage a ƙasar, sun kaɗa ƙuri'ar hana tseren a Nuwamban 2018 da kashi 69 cikin ɗari, aka rufe filayen zuwa ƙarshen 2020, yanzu biyu ne kawai suka rage, duka a Bajiniya ta Yamma. Maƙwabciyarku Niyu Zilan ta sanar a Disamban 2024 cewa za ta kawo ƙarshensa, da kimanin karnuka 2,900 da za a nema wa gidaje, gwamnatin Wels ma ta bayyana irin wannan niyya a Fabrairun 2025. Duk filin da aka rufe yana sako ɗaruruwan karnuka lokaci guda.

TAMBAYA: Malam, ni magidanci ne a Bradford. Ɗiyata tana son wannan aiki saboda tausayi, ni kuma zuciyata ba ta kwanta da kare a cikin gidan da muke salla ba. Mene ne abin yi?

AMSA: Alhaji, damuwarka tana da tushe, tausayin ɗiyarka ma yana da tushe. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka taso a kai, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki kuma bauta ce da aka yi umarni da ita. Shafi'iyya kuwa suna ganin najasa ce mai nauyi. Amma tsarkin jiki daban, ajiyewa a gida daban. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ce ba a ajiye kare a gidaje sai don gona, ko kiwo, ko farautar neman abinci, hadisan raguwar lada da na rashin shigar mala'iku kuma sanannu ne. Masu sharhi sun kawo cewa shi kansa mai littafin ya ajiye kare don tsaro lokacin da katangar gidansa ta faɗi, abin da ke nuna cewa malamai suna duba bukata. A ɗaya ɓangaren akwai hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ko ceton dabba na 'yan makonni ya shiga cikin bukatar da ke halatta ajiyewa, wannan fatawa ce, ka kai ta ga malamin da ka amince da shi, ka kuma bayyana masa yadda abin yake dalla-dalla.

Abin da zan faɗa maka daga ɓangarena shi ne kada ka yi shirin karɓa sannan ka ajiye shi a rumfar bayan gida. Ba wata ƙungiyar kirki da za ta yarda, domin sanyin Bradford zai illata dabbar da ba ta da kitse ba ta da kaurin gashi, kuma manufar riƙon ita ce koyon zaman ɗaki. Wasu gidajen sukan sa ƙaramar ƙofar yara su keɓe masa kicin da falo ɗaya, sama da ɗakin salla su zama haramiyarsa. Idan wannan ma bai kwanta maka ba, cibiyoyin suna neman masu zuwa su fita da karnuka yawo ranar Asabar, da masu mota da za su kai su asibiti, da masu kawo tsofaffin barguna. Ɗiyarka za ta iya yin wannan ba tare da kare ya taka ƙofar gidanka ba.

TAMBAYA: Ni mafarauci ne daga yankin Tawa a Nijar. Tunda Turawa sun rasa yadda za su yi da karnuka masu irin wannan gudu, me zai hana a kawo mana su?

AMSA: Sarkin dawa, ba za su yi maka amfani ba. Tafin ƙafarsu ya saba da lallausan yashin fili da ake barbaɗa wa ruwa, ƙarangiya da tsakuwa za su gama da shi a fita ɗaya, zafin bazara kuma yana iya kashe su cikin ɗan lokaci, ga cututtukan kaska da jininsu bai sani ba. Gudunsu na rabin minti ne, farautarka kuwa ta yini ce. Ƙungiyoyin ma a dandaƙe suke ba da su, da sharaɗin ba tsere ba farauta. Abin da kake nema yana kusa da kai, domin karen Azawak da Buzaye ke kira oska, wanda ke tsakanin Abalak da Cintabaradan har cikin Mali, danginsu ne ta fuskar farauta da ido, kuma Turai ce take sayensa daga wajenku tun shekarun 1970.

TAMBAYA: Malam, ina Dablin, na riƙe wata karya mako shida, yanzu an sami iyalin da ke son ta, suna da ɗa ɗan shekara shida. An ba ni takarda in rubuta halinta. Sau biyu ta yi wa ɗan ƙanwata gurnani da ya zauna kusa da ita a kan kujera, ba ta cije shi ba. Ina tsoron idan na rubuta za su fasa, ta koma keji. Gaskiya kuma ni kaina ba na son rabuwa da ita, har kuka nake yi.

AMSA: Hajiya, ki rubuta. Ki rubuta ranar, da wurin, da abin da yaron yake yi, da ko tana barci ko idonta biyu, da abin da ta yi bayan kin kira sunanta. Gurnani a kan kujera abu ne da masu wannan aiki suka sani sarai, sau da yawa kuma maganinsa bai wuce a hana ta hawa kujera a ba ta shimfiɗarta a lungu ba. Idan iyalin suka sani tun farko, za su shirya, ko ƙungiya ta nema mata gidan manya zalla, waɗanda ba su da wuyar samu. Idan kika ɓoye, ranar da yaron ya faɗa kanta tana barci ta kai masa haƙori a fuska, za ta dawo da tambarin mai cizo, kuma karen da ya dawo da wannan suna ya fi wanda bai taɓa fita ba wahalar samun gida, in ma an bar shi da rai. Ke kaɗai ce kika ga abin da ya faru a falonki, shi ya sa aka ba ki takardar.

Game da rabuwa, ba abin kunya ba ne, kuma mariƙa da yawa sun ƙare da riƙe karen farko gaba ɗaya. Ƙungiyoyi sun saba da haka, galibi sukan ba mariƙi dama kafin kowa idan ya yi magana da wuri. Sai dai ki tambayi kanki ko karyar kike so ko zafin rabuwar kike gudu, domin na farko alkawari ne na shekara takwas ko fiye, da kuɗin likita daga aljihunki, da neman wanda zai riƙe ta duk lokacin da za ki je gida ganin dangi. Ki kuma sani cewa idan kika riƙe ta, gurbin da kike bayarwa ya rufe, sai fa idan gidanki zai ɗauki biyu.

Idan kin yanke shawarar miƙa ta, ki haɗa mata bargon da take kwana a kai ba tare da kin wanke shi ba, da abincin kwana bakwai irin wanda ta saba, da takarda mai ɗauke da lokutan cinta da fitarta da kalmomin da take amsawa, har da na Hausa idan da su kika koya mata. Ki yi sallamar a taƙaice a bakin ƙofa, ki bar su su sa ta a mota da kansu. Ki roƙi ƙungiya ta aiko miki da labarinta bayan mako biyu, amma kada ki kai ziyara a watan farko, domin ganinki zai sa ta koma tsayuwa a bakin ƙofa tana jiran ki zo ki ɗauke ta.